Charles Lindbergh: Tsallake Atilantika da Abin da Ya Biyo Baya

Charles Augustus Lindbergh matuƙin jirgin sama ne ɗan Amurka, wanda a watan Mayun 1927 ya zama mutum na farko da ya tuƙa jirgi shi kaɗai daga New York zuwa Paris ba tare da yada zango ba. Shekarunsa 25 a lokacin. Kafin tafiyar, waɗanda suka san shi ba su wuce abokan aikinsa na jigilar wasiƙu da wasu 'yan kasuwa a birnin St. Louis ba. Cikin kwana biyu ya shiga sahun mutanen da aka fi sani a duniya. Bayan shekara 14 kuma farin jinin ya koma baƙin jini, har wasu garuruwan Amurka suka riƙa cire sunansa daga titunan da suka raɗa masa.

An haife shi a Detroit ranar 4 ga Fabrairu, 1902, ya tashi a Little Falls, wani ƙaramin gari a bakin kogin Mississippi a jihar Minnesota. Mahaifiyarsa malamar kimiyyar sinadarai ce. Mahaifinsa, wanda aka haifa a Suwidin, lauya ne da ya wakilci Minnesota a majalisar wakilan Amurka daga 1907 zuwa 1917. Mutum ne mai taurin kai, ya yi adawa da shigar Amurka Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma da ya nemi kujerar gwamna a 1918 ya sha jifa da zagi, ana kiransa maci amana. Wannan duka ya faru ne lokacin da ɗan yake matashi. Iyayen ba su zauna gida ɗaya ba tsawon shekaru, yaron ya yi ta sauya makarantu, ya taso ba shi da abokai sosai, ya fi sabawa da bindiga da inji fiye da mutane. Ya shiga Jami'ar Wisconsin karatun injiniya, karatun bai karɓe shi ba, ya bari a 1922 ya tafi Lincoln a jihar Nebraska koyon tuƙin jirgi.

Tuƙin jirgi a wancan zamani ya fi kusa da wasan ƙauye fiye da sana'a. Matuƙa sukan sauka a gonakin mutane, su ɗauki masu sha'awa su zaga da su sama a kan 'yan daloli, su kuma yi wasannin kasada don tara jama'a. Lindbergh ya yi tafiya a kan fiffike jirgi na sama, ya yi dira da lema. A 1923 ya sayi wani tsohon jirgin soja ƙirar Curtiss Jenny a kan dala 500 a jihar Georgia, kuma a cikinsa ya fara tashi shi kaɗai. Daga nan ya shiga makarantar horar da matuƙan soja a Texas, ya gama a 1925 yana na ɗaya a ajinsu. A 1926 ya zama babban matuƙi a hanyar kai wasiƙu tsakanin St. Louis da Chicago. Aiki ne na dare da hazo da ƙanƙara, kuma sau biyu ya bar jirginsa a sama ya diro da lema saboda mai ya ƙare kuma bai ga wurin sauka ba.

Tun 1919 wani mai otal a New York, Raymond Orteig, haifaffen Faransa, ya sa ladan dala 25,000 ga duk wanda ya tashi tsakanin New York da Paris ba tsayawa. Ba tsallake tekun ne sabon abu ba, domin a wannan shekarar 'yan Birtaniya biyu, John Alcock da Arthur Brown, sun tashi daga Newfoundland sun sauka a Ireland. Amma nisan New York zuwa Paris ya kusa ninka nasu. Masu neman ladan sun yi imani cewa sai da babban jirgi mai inji biyu ko uku da ma'aikata da yawa. A Satumban 1926 jirgin René Fonck, gwarzon sojan saman Faransa, ya kasa ɗagawa saboda nauyi, ya kama da wuta, mutum biyu suka mutu. A Afrilun 1927 wasu sojojin ruwan Amurka biyu, Noel Davis da Stanton Wooster, suka mutu wajen gwajin jirginsu. Ranar 8 ga Mayu Charles Nungesser da François Coli suka tashi daga Paris, ba a sake jin ɗuriyarsu ba har yau. Rai shida ke nan.

Lissafin Lindbergh ya saɓa wa na kowa. A ganinsa inji uku hanyoyi uku ne na lalacewa, kuma nauyin mutum na biyu gara a mayar da shi mai. Ya zuba dala 2,000 da ya tara, 'yan kasuwar St. Louis suka cika masa sauran. Manyan kamfanoni sun ƙi sayar masa da jirgi a kan sharaɗinsa, sai wani ƙaramin kamfani mai suna Ryan a San Diego ya karɓi aikin a kan dala 10,580. Injiniyan kamfanin, Donald Hall, ya zauna da shi suka tsara jirgin, aka gama cikin kwana 60, aka sa masa suna Spirit of St. Louis. An ajiye babban tankin mai a gaban matuƙi, don kada ya matse tsakanin tanki da inji idan aka yi hatsari. Wannan ya toshe masa gaba gaba ɗaya: in yana son ganin abin da ke gabansa sai ya karkata jirgin ya leƙa ta tagar gefe, ko ya duba ta wani ɗan bututu mai madubi. Bai ɗauki rediyo ba, bai ɗauki lema ba. Kujerarsa ta saƙar kaba ce irin mara nauyi. Hatta gefen taswirorinsa ya yanke. Guzurinsa burodi biyar mai nama a ciki da ruwan sha, man da ya ɗauka kuwa kusan lita 1,700.

Ya tashi daga filin Roosevelt a Long Island da ƙarfe 7:52 na safiyar 20 ga Mayu. An yi ruwa, filin ya yi taɓo, jirgin ya ɗaga da ƙyar ya tsallake wayoyin tarho da ke ƙarshen filin da ɗan rata kaɗan. Ya bi gaɓar teku ta Nova Scotia da Newfoundland, dare ya same shi a kan ruwa. Ƙanƙara ta fara taruwa a fikafikai a cikin gajimare, sai ya juya ya kewaye. Babban abokin gabarsa dai barci ne, domin daren da ya gabata bai runtsa ba. Ya riƙa buɗe idanunsa da yatsu, yana fitar da fuska ta taga iska mai sanyi ta buge shi, wani lokaci yana sauko da jirgin dab da igiyar ruwa. Daga baya ya ba da labarin cewa a sa'o'in da gajiya ta kai maƙura ya ga wasu siffofi kamar fatalwa a bayansa suna yi masa magana. Da kamfas da agogo da lissafin iska kaɗai yake neman hanya, amma ya iso gaɓar Ireland kusan daidai inda ya auna. Ya ratsa kudancin Ingila, ya shiga Faransa ta Cherbourg, ya sauka a filin Le Bourget da ƙarfe 10:22 na daren 21 ga Mayu, bayan awa 33 da rabi da tafiyar kilomita kusan 5,800. A aljihunsa akwai wasiƙun gabatarwa, don yana tsammanin ba wanda zai san shi a Paris. Mutum fiye da 100,000 ne suka karya shinge suka yi kansa.

Abin da ya biyo baya ya wuce girman tafiyar kanta. Shugaba Calvin Coolidge ya aika jirgin ruwan yaƙi, USS Memphis, ya dawo da shi da jirginsa. Miliyoyin mutane suka fito tarbarsa a New York ranar 13 ga Yuni. Aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, mujallar Time ta zaɓe shi gwarzon shekara, shi ne na farko da ta taɓa ba wa wannan matsayi. Mako biyu kacal bayan tafiyarsa Clarence Chamberlin ya tashi daga New York da fasinja ɗaya ya sauka a Jamus, nisan da ya fi na Lindbergh, amma kaɗan ne suke tuna sunansa. Lindbergh shi kaɗai ya tafi, ga ƙuruciya, ga tsawo, ga kunya, ba ya shan giya ko taba, kuma ya ƙi tayin miliyoyin daloli na fitowa a fim. Amurka ta shekarun 1920, mai cike da badaƙalar 'yan siyasa da 'yan fasa-ƙwaurin giya, ta samu irin ɗan da take so ta nuna wa duniya. Ya zaga dukan jihohi 48 na lokacin da jirginsa yana jawo hankali ga sufurin sama, kuma mutane da yawa da ke ɗaukar jirgi abin 'yan ganganci suka fara yarda su shiga.

A Disamban 1927 ya tashi zuwa Meziko, inda ya haɗu da Anne Morrow, 'yar jakadan Amurka Dwight Morrow. Sun yi aure a 1929. Anne ta koyi tuƙi da aikin rediyo, ta zama abokiyar tafiyarsa a binciken sababbin hanyoyin jiragen fasinja. A 1931 sun bi ta Kanada da Alaska zuwa Japan da Sin. A 1933 sun zaga Atilantika don kamfanin Pan American, ta Greenland da Turai, suka gangaro Afirka ta Yamma, suka tashi daga Bathurst a Gambiya, wato Banjul ta yau, suka tsallaka zuwa Natal a Brazil. Lindbergh ne kuma ya nemo wa Robert Goddard, masanin roka da jaridu ke yi wa dariya, tallafin iyalan Guggenheim.

Daren 1 ga Maris, 1932, aka sace ɗansu na fari, Charles ƙarami, mai wata 20, daga ɗakinsa a benen gidansu kusa da Hopewell a jihar New Jersey. An bar tsani na katako da takardar neman kuɗin fansa dala 50,000. Lindbergh ya karɓi ragamar binciken da kansa, 'yan sanda suka sakar masa saboda girman sunansa, har ya jawo wasu 'yan daba cikin lamarin da fatan za su san masu laifin.  Wani tsohon malamin makaranta, John Condon, ya shiga tsakani, aka miƙa kuɗin a wata maƙabarta a Bronx ranar 2 ga Afrilu. Ranar 12 ga Mayu aka tsinci gawar yaron a daji, 'yan kilomitoci daga gidan. Bincike ya nuna ya mutu ne tun daren da aka ɗauke shi, sakamakon rauni a kai. Wata mai aikin gidan surukansa, da 'yan sanda suka matsa wa da tambayoyi, ta kashe kanta. A shekarar majalisa ta yi dokar da ta mayar da tsallaka iyakar jiha da wanda aka yi garkuwa da shi laifin tarayya, ana kiranta dokar Lindbergh.

An rubuta lambobin takardun kuɗin fansar, kuma yawancinsu irin takardun da ake canzawa da zinariya ne, waɗanda gwamnati ta janye daga hannun jama'a a 1933. A Satumban 1934 wani mai gidan mai ya karɓi irin wannan takarda ta dala 10, ya yi shakka, ya rubuta lambar motar mai ita a gefenta. Motar ta Bruno Richard Hauptmann ce, kafinta ɗan Jamus. An samu kusan dala 14,000 na kuɗin fansar a garejinsa. Ya ce wani abokin kasuwancinsa ne da ya koma Jamus ya mutu ya bar masa ajiya. A shari'ar da aka yi a Flemington a farkon 1935, wani masanin katako ya nuna cewa ɗaya daga cikin katakan tsanin an yanko shi ne daga daɓen rufin gidan Hauptmann, masana rubutu suka danganta takardun fansar da hannunsa, Lindbergh kuma ya ce ya gane muryarsa, muryar da ya ji 'yan kalmomi daga nesa kusan shekara uku da suka wuce. Hujjojin da aka tara a kansa masu nauyi ne, amma shari'ar ta zama kasuwa, ana sayar da ƙananan tsanuka na tsaraba a ƙofar kotu. An kashe shi a kujerar lantarki ranar 3 ga Afrilu, 1936, bai amsa laifi ba, matarsa kuma ta ci gaba da cewa an zalunce shi har ta rasu a 1994. Ana muhawara har yanzu kan ko shi kaɗai ya aikata.

A Disamban 1935 Lindbergh ya kwashe iyalinsa a asirce zuwa Ingila, daga baya Faransa, yana cike da ƙyamar jaridun ƙasarsa da abin da yake gani rashin tsari ne a cikinta. Babban amininsa a wannan lokaci shi ne Alexis Carrel, likitan tiyata ɗan Faransa mai lambar Nobel, wanda suka ƙera tare da shi wani famfo na gilashi da ke riƙe gaɓar jiki da rai a wajen jiki. Carrel na cikin masu aƙidar cewa akwai jinsin mutane da ya fi wani, kuma a tace al'umma ta hanyar haihuwa. Wannan tunani ya samu wurin zama a zuciyar Lindbergh.

Daga 1936 zuwa 1938 ya kai ziyara Jamus sau da dama, bisa roƙon jami'in sojan ofishin jakadancin Amurka a Berlin, Truman Smith, don ya auna ƙarfin rundunar saman Hitler. Jamusawa sun buɗe masa masana'antu, sun bar shi ya tuƙa jiragensu. Bayanan da ya kawo sun yi wa sojan Amurka amfani, amma ya zuzuta ƙarfin Jamus fiye da yadda yake, kuma a Satumban 1938, ana tsakiyar rikicin Czechoslovakia, ya shaida wa jakadan Amurka Joseph Kennedy cewa Birtaniya da Faransa ba za su iya ja da ita a sama ba. Tsari da horon da ya gani a Jamus sun burge shi. Ranar 18 ga Oktoba, 1938, a wata liyafa a ofishin jakadancin Amurka, jigon 'yan Nazi Hermann Göring ya miƙa masa lambar yabo ta Mikiyar Jamus da sunan Hitler. Bayan mako uku 'yan Nazi suka afka wa Yahudawa a faɗin ƙasar, suka ƙona wuraren ibada da shaguna. An yi ta kiran Lindbergh ya mayar da lambar, ya ƙi, yana cewa yin haka cin fuska ne mara amfani.

Ya koma Amurka a 1939 ya ja daga kan kada ƙasar ta shiga yaƙin Turai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai hujjarsa ta bambanta da ta mahaifinsa, wanda bankuna da masu cin ribar yaƙi yake zargi. A wata maƙala a mujallar Reader's Digest a Nuwamban 1939, ɗan ya bayyana jirgin sama a matsayin makamin da fararen fata za su kare kansu da shi daga mutanen Asiya da Afirka, ya ce yaƙi tsakanin Turawa kashe kai ne. A Afrilun 1941 ya shiga ƙungiyar America First mai adawa da shiga yaƙi, mai mambobi kusan 800,000, ya zama babban mai jawabinta. Ƙin shiga yaƙi ba baƙon ra'ayi ba ne a lokacin, Amurkawa da yawa suna kai. Shugaba Franklin Roosevelt ya kwatanta shi da 'yan Arewa da suka ƙi goyon bayan gwamnati a yaƙin basasar Amurka, Lindbergh kuma ya ajiye muƙaminsa na kanar na soja. Abin da ya karya shi jawabin da ya yi a birnin Des Moines ne, ranar 11 ga Satumba, 1941, inda ya ambaci rukuni uku da ya ce suna tura ƙasar yaƙi: Birtaniya, Yahudawa da gwamnatin Roosevelt. Ya ce tasirin Yahudawa a fina-finai da jaridu da rediyo da gwamnati haɗari ne ga Amurka. Anne ta gargaɗe shi kafin ya hau mumbari, bai ji ba. Jaridu daga kowane ɓangare suka yi masa ca, har da waɗanda ke adawa da yaƙin. Halin da ya kai shi Paris, wato dogaro da lissafin kansa da yin kunnen uwar shegu da shawarar mutane, shi ne ya kai shi Des Moines, kuma bai taɓa janye maganar ba.

Bayan harin Japan a Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941, ƙungiyar America First ta rushe kanta, Lindbergh ya nemi komawa soja, gwamnati ta ƙi. Henry Ford ya ɗauke shi aiki a masana'antar jiragen yaƙi ta Willow Run. A 1944 ya tafi fagen yaƙin Fasifik a matsayin farar hula mai ba da shawara, amma ya fita farmaki kusan sau 50, ya harbo jirgin Japan ɗaya, ya kuma koya wa matuƙan jiragen yaƙi ƙirar P-38 yadda za su rage shan mai su ƙara nisan tafiya. A Yunin 1945 ya ga sansanin Dora a Jamus, inda aka kashe dubban fursunoni da aikin bauta a masana'antar roka. Abin ya girgiza shi, amma a littafin ajiyar bayanansa ya daidaita shi da yadda ya ga sojojin Amurka suna yi wa Japanawa, kuma da aka buga littafin a 1970 masu sharhi sun ga har lokacin bai yarda ya yi kuskure ba.

Sunansa ya farfaɗo sannu a hankali. Littafinsa The Spirit of St. Louis ya ci kyautar Pulitzer a 1954, a shekarar kuma Shugaba Eisenhower ya ba shi muƙamin birgediya janar a rundunar ko-ta-kwana ta sojan sama. A shekarun 1960, bayan tafiye-tafiye a Kenya da zama da Masai, ya juya ga kare namun daji. Ya yi fafutukar hana kashe manyan kifayen teku da kare mikiya da ɓaunar Filifin, ya kuma yi adawa da jiragen fasinja masu gudun da ya wuce sauti, duk da cewa shi mai ba kamfanin Pan American shawara ne. Ciwon daji ya kama shi, ya sa aka kai shi gidansa a tsibirin Maui na Hawaii, ya tsara kabarinsa da jana'izarsa dalla-dalla, ya rasu ranar 26 ga Agusta, 1974, yana da shekara 72.

Anne ta rasu a 2001. A 2003 wasu 'yan uwa uku a Jamus suka bayyana cewa Lindbergh ne mahaifinsu, suka kawo wasiƙu fiye da 100 da ya rubuta wa mahaifiyarsu, wata mai ɗinkin huluna a Munich, gwajin ƙwayar halitta kuma ya tabbatar. Daga baya ta fito cewa tun daga 1957 yana da mata uku a Turai, biyu daga cikinsu ya da ƙanwa ne, ta ukun tsohuwar sakatariyarsa, kuma sun haifa masa 'ya'ya bakwai ban da shida da ya haifa da Anne. Yakan ziyarce su 'yan kwanaki a shekara, yaran sun san shi da wani suna na aro, kuma kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa ya rubuta wa matan yana roƙon su riƙe sirrin. Jirgin Spirit of St. Louis, wanda ya miƙa wa cibiyar Smithsonian a 1928, yana gidan tarihin sufurin sama da sararin samaniya a Washington.